Gwaggo Tsaf da Kujera Mai Lamba Ɗaya

Ƙanwar mijina ce, kuma shekara talatin da takwas ke nan muna tsokanar juna, saboda haka in na ce tana da taurin kai ba sharri nake mata ba. Yaranmu ne suka laƙaba mata Gwaggo Tsaf, sunan ya bi ta har wurin aiki. In ta shigo gidanka, kafin ta gama amsa gaisuwa ta riga ta shafa yatsa a saman tagarka ta duba. Na sha ce mata, "Ke dai sa-ido zai kashe ki." Sai ta ce, "Matarmu, ni ban ce uffan ba, yatsana ne ya yi magana."

Shekara ashirin da bakwai tana shara da goge-goge a wani dogon ginin ofisoshi mai hawa biyar. Tana shiga kafin ma'aikata su iso, ta fita suna hamma a bakin ƙofa. Ba ta san fuskar da yawansu ba, amma ta san kowa ta ƙarƙashin teburinsa: mai manna cingam, mai cire takalmi ya tura lungu, mai cin gyaɗa a ɓoye. Taƙamarta ke nan a duniya, cewa ita ba ta tsayawa inda ido yake gani. Duk tsawon shekarun nan ko harafi ɗaya ba ta iya karantawa. Kwalaben sabulun ruwa da launi take gane su, motar da za ta hau kuwa da fuskar direba. Shekara ɗaya tak ta yi a makaranta tana ƙarama, Inna ta kwanta doguwar jinya, aka cire ta don ta riƙe ƙaninta, daga nan ba wanda ya sake tayar da zancen. Ta yi aure, mijin ya rasu ya bar mata yara uku, da tsintsiya da bokiti ta ga ƙarshen karatunsu su duka.

Tana da shekara hamsin da bakwai ta shiga ajin manya, kuma haushi ne ya kai ta. Wata safiya ta tarar da takarda manne a ƙofar wani ɗaki a hawa na uku, ta ture ƙofar ta shige da bokitinta kamar kullum. Ashe abin da takardar ke cewa shi ne an shafa sabon fenti a ƙasa, kada kowa ya shiga. Sawun takalminta ya tafi tun daga ƙofa har taga, ya kuma dawo. Ba wanda ya yi mata faɗa, dariya kawai aka yi, ita kuwa da an mare ta da ya fi mata sauƙi. A gidana ta zo ta yi kukanta, ta share fuska da bakin mayafi ta ce, "Wallahi takarda ba za ta sake yi min haka ba." A satin ta ba da sunanta.

Ajin nasu yana wani ɗaki a bayan ɗakin karatu na unguwa, Laraba da la'asar da Asabar da hantsi. Akwai tela a cikinsu, da maigadi, da wata mai sayar da kayan lambu da ke barci da biro a hannu. Malamarsu ba ta kai 'yar Gwaggo ta fari shekaru ba, amma Gwaggo ba ta zama sai Malama ta zauna. Shekara biyu tana fama. Ta kai tana karatu, a hankali, yatsa na bin layi, leɓe na motsi. In muka fita tare sai na yi ta jan hannunta, don ba allon shagon da za mu wuce ba ta tsaya ta gaisa da shi ba.

A shekara ta biyun ne, cikin sanyi, Inna ta fara tambayar da ta hana gidanmu sukuni. Inna surukata ce, a wurinmu take, ta haura tamanin da biyar, ni nake mata wanka, ni nake ba ta abinci. Wata safiya na kai mata shayi ta riƙe min hannu ta ce, "Yaya ma sunan yaron nan?"

Na ce, "Wane yaro, Inna?"

"Na farin. Wanda ya tafi."

Na ce mata ai ɗanta na fari yana shago yana yanka katako, ga ƙarar zarto ma tana ji. Ta girgiza kai. Mijina kafinta ne kamar mahaifinsu, shi ne babba a cikin su biyar, Yaya Babba kowa ke ce masa, shi ke raba faɗa, shi ake jira kafin a yanke magana. Ba wanda ya taɓa jin an haifi wani kafin shi. Babu kuma wanda za a tambaya: Baba ya rasu shekara ashirin, 'yan'uwan Inna duk sun riga ta, garin da suka fara zama kuwa sun baro shi tun kafin a haifi mijina. Likita ya ce tsufa ne, a riƙa bin ta a hankali.

Muka bi ta a hankali na sati biyu, sannan na gaji, ba zan ɓoye ba. Kullum safiya tambayar ke nan, da rana ita ce, in ta farka daga barci ita ce. Muka jera mata sunayen maza har bakinmu ya bushe, tana girgiza kai. Na koma ce mata, "Inna, sha shayinki zai huce." Ba ta kuka da ƙarfi, hawaye ne kawai ke bin kuncinta. Ta rage cin abinci. Ranar da ta fi tsaya min a rai, ina goge mata baki ta ce, "Na kusa zuwa in same shi, ban san da me zan kira shi ba." Na fita tsakar gida na tsaya da kwanon a hannu, na rasa inda zan ajiye shi.

Da sanyi ya janye, itacen da ke bakin tagar ajinsu Gwaggo ya fara toho. An sassare masa rassa a bara har kowa ya ce ya mutu, sai ga ƙananan ganye sharaf a jikin kututturen. Gwaggo ta ce min ita abin da ta gani shi ne za su sha sharar fure nan gaba kaɗan. A lokacin ne Malama ta buɗe tagogi ta ba su aikin zango: kowa ya zana asalin gidansu a babbar takarda, iyaye da kakanni da 'ya'ya, kowa da akwatinsa. Ta kafa musu sharaɗi biyu. Su je wurin wanda ya fi kowa tsufa a gida, abin da ya faɗa su rubuta yadda ya faɗa, kada su gyara masa. Sannan kowa ya nemo rubutu ko guda ɗaya ne da zai zama shaida.

Gwaggo ta zo da takardarta a naɗe da rula da fensir biyu, ta zauna a ƙasa gaban gadon Inna. Ta ce, "Inna, 'ya'ya nawa kika haifa?" Inna ta lanƙwasa yatsun hannu ɗaya duka, ta ƙara babban yatsa na ɗaya hannun. Gwaggo ta ɗora rula ta zana akwati shida. Ta cike biyar da rubutunta mai kama da an jera tubali, ta bar na farko fari fat.

Mijina ya shigo yana kakkaɓe garin katako daga riga, ya leƙa takardar, ya ga sunansa a akwati na biyu.

"Wannan kuma fa?"

"Abin da Inna ta faɗa ne, Yaya."

"Inna jiya ta ce min in ɗaure akuya. Kin ga akuya a gidan nan?"

"Malama ta ce kada mu gyara."

"To Malama ce ta haife mu? Ke daga koyon baƙi sai ki fara ƙara mana 'yan'uwa? Goge shi kafin yara su gani su ɗauka gaske ne."

Gwaggo ta naɗe takardarta ta ce, "Ni goge-goge sana'ata ce, Yaya, na san abin da ake gogewa." Ta yi wa Inna sallama ta fita. Ni a lokacin bayan mijina nake, har na ce masa boko ya hau mata kai da tsufa.

Sharaɗi na biyu ne ya tayar da ƙura. Baba yana da wata ɗabi'a tasa shi kaɗai. Duk haihuwar da Inna ta yi, sai ya ƙera mata 'yar ƙaramar kujera da za ta zauna a kai tana yi wa jariri wanka. A ƙarƙashin kujerar yakan karce sunan yaron da ranar haihuwarsa da tsinin ƙusa, sannan ya bi sawun da fensir. Duk wanda ya tashi barin gida sai ya tafi da tasa. Ta Gwaggo ta fi shekara talatin a bayan ƙofarta, a kai take zama tana wanki, ba ta taɓa tunanin rubutun ƙasan zai yi mata magana ba. Da ta rasa shaidar da za ta kai wa Malama sai ta kifa kujerar. Ta karanta sunanta, ta karanta ranar. A kusurwa kuma ga wani ɗan da'ira da lamba biyar a ciki. Ita kuwa ta huɗu ce a gidan.

Washegari daga wurin aiki ba ta je gida ba, shagon mijina ta wuce, ina can na kai masa abinci. Kujerarsa tana gefen teburin aiki, a kai yake ɗora tukunyar gam. Ba ta nemi izini ba, ta sauke tukunyar ta kifa kujerar. Biyu.

Ya ce, "Awon katako ne. Inci biyu. Tun ina yaro na san da shi."

Ta ce, "Auna min."

Shekara arba'in da biyar yana rataye da abin awo a wuya, bai taɓa ɗora shi a kan wannan katakon ba. Bai kuma ɗora ba ran nan, don ido ma ya isa ya gaya masa kaurin bai kai inci ɗaya da rabi ba. Ya ce yana da aiki, mu ba shi wuri.

Asabar uku a jere, tana tashi daga aji sai tashar mota. Ta je gidan yayarta mace, ta tarar an ɗora randar ruwa a kan kujerar, ƙasan ya yi baƙi amma ana ganin uku. Ta je gidan ɗaya yayan nasu, matarsa ta shafe kujerar da koren fenti har ƙasa, Gwaggo ta zauna da wuƙar tebur tana kankarewa matar na tsaye tana tsaki, huɗu ta fito. Ta autansu sai da aka fitar da rabin kayan sito kafin a same ta, shida. Duk ta kwaso su a motar haya, tana faɗa da kwandasta a kan wurin ajiyewa, ta jera su a tsakar gidanmu a kife, ƙafafu sama. Biyu, uku, huɗu, biyar, shida. Kowa ya san lambarsa tun da daɗewa, kowa kuma ya ba ta ma'anar da ta yi masa. Ba a taɓa haɗa su wuri ɗaya ba tun da aka watse.

Mijina ya daɗe tsaye a kansu. Ya koma shago, ran nan ban ji ƙarar zarto ba har yamma. Ni kuwa kunya ce ta rufe ni, na tuna sau nawa na ce wa tsohuwar nan ta sha shayinta.

Saura kujera ta ɗaya, kuma babu ita a gidan kowa. Inna da aka tambaye ta sai ta ce yaron yana da shekara uku zazzaɓi ya ɗauke shi cikin kwana biyu, Baba ya ɗauke kujerar daga ɗaki a ranar, daga nan shi da ita ba wanda ya sake furta sunan, don in ɗaya ya fara ɗayan ba ya iya tsayawa. Sun yi shiru har shirun ya cinye sunan. Inda kujerar ta tafi ba ta sani ba.

Kwana biyu bayan haka muna karyawa, mijina ya ajiye kofi ya ce da ni, kamar da bango yake, "Baba bai taɓa jefar da katako mai kyau ba. Ko na akwatin da ya karye sai ya cire ƙusoshin ya ajiye." Ya aika aka kira Gwaggo. Ya ce mata in dai Baba kwance kujerar ya yi, to saman yana nan a jikin wani abu, kuma za a gane shi: ramuka huɗu a kusurwoyi inda ƙafafu suka shiga, Baba zai toshe su da guntun itace ya goge. Ya yanko mata sanda daidai tsawon saman kujerun, taƙi biyu babu kaɗan, ya miƙa mata bai dube ta ba. Wannan shi ne ban-haƙurinsa, kuma ta karɓa a haka.

Daga nan dangi suka shiga uku. Mace mai shekara kusan sittin, da sanda a hannu da fitilar waya a baki, tana rarrafe a ƙarƙashin gadajen mutane. Duk abin da aka san hannun Baba ya taɓa sai da ta bi shi: kabad ɗin yayarta, akwatin kayan aikin mijina, teburin da aka bai wa wani maƙwabci tun tuni, har bencin da ke ƙofar wani shagon aski. Ta zaro aljihunan tebur ta kifar da kayan ciki. A gida biyu ta fito da tsumma ta goge musu ƙurar da ta tarar, ta kuma gaya musu ta tarar. Matar autansu ta kira ni a waya ta ce in yi wa Allah in riƙe ƙanwar mijina.

Wata guda aka yi babu labari. Itatuwan layinmu suka cika da ganye, rana ta fara zafi, Inna kuwa kullum ƙara shigewa cikin katifa take. Cokali uku, huɗu, ta kawar da kai. Likita ya zo ya duba ta, a bakin ƙofa ya ce mana duk mai son ganinta ya zo. Na ja Gwaggo kicin na ce, "Ki ji tsoron Allah ki huta. Ki zaɓi suna mai daɗi ki gaya mata, ki ce a jikin katako kika gani. Wa zai sani?"

Ta ce, "Ita za ta sani."

Gaskiyarta ne, kuma na fi kowa sanin haka, don na riga na gwada. Wata rana da tambayar ta ishe ni na ƙirƙiro suna na faɗa mata da ƙarfin hali. Kallon da Inna ta yi min, irin wanda ake yi wa wanda aka kama da hannu a jakar mutum ne. Ban gaya wa kowa ba sai ran nan a kicin. Gwaggo ba ta yi min gori ba. Ta ce, "Matarmu, shekara sittin da wani abu tana ɗauke da shi ita kaɗai. Ba zan sallame ta da na bogi ba. In ban samu ba, in ce mata ban samu ba."

Ranar Asabar da hantsi, lokacin da ya kamata a ce tana aji, sai ga ta a ƙofarmu ba sallama. Mayafinta a karkace, wani katako a hammata da ƙusoshi a jiki da ɓarɓashin siminti. Fuskarta ta yi fari kamar wadda ta tashi daga ciwo. Ta zauna a dakalin ƙofar shago ta ce, "Ni na wanke shi."

Da ƙyar muka haɗa zancen. Ta tashi da safe tana gyaran kicin kafin ta tafi aji, ta sauke gwangwanayen da ke kan 'yar kantar da ke saman wurin wanke-wanke. Baba ne ya kafa mata kantar da hannunsa satin da ta tare. Tana goge ta sai tsumma ya bi ta kan wasu tabo huɗu masu zagaye a kusurwoyi, tabon da ta sani shekara talatin da biyar, ta san su kamar tafin hannunta. Ta ɗauko sandar ta ɗora, ko gashi bai rage ba. Ta zagaye gidajen dangi kaf, gidanta ne kawai ba ta bincika ba, don a ganinta babu lungun da ba ta sani ba a ciki. Sannan ta tuna. Tana amarya ta leƙa ƙasan kantar ta ga wani baƙin zane-zane, ta ce Baba ya bar mata dattin fensir, ta sa soson ƙarfe da sabulu ta dirje shi tas. Har ta nuna wa mijinta yadda ya yi fes.

Mijina ya karɓi katakon ya juya shi. Ƙasan fari sol, babu ko ɗigo. Ya shafa tabon huɗun da babban yatsa ya ce, "Aikinsa ne." Sannan ya faɗi abin da da ni ce da na haɗiye. "Ke ya kai wa don ke ce ba ki iya karatu ba. Ya san a wurinki zai zauna lafiya, ba kuma za ki tambaye shi ba."

Na ga maganar ta shige ta. Ubanta da take ganin ya fi sonta, ashe ya zaɓe ta ne don rashin da shi ya jawo mata. Idonta ya kawo ruwa, amma ba ta bari ya zubo ba. Ta ce, "To Allah ya jiƙan Baba, bai san zan shiga makaranta ba. Yaya, fensir na wanke. Ai da ƙusa yake fara karcewa."

Mijina ya dube ta, ya dubi katakon. Ya zare ƙusoshin a hankali, ya hure ƙurar. Ya ciro fensir daga bayan kunne, ya kankare bakin da wuƙa har garin ya taru a tafinsa, ya barbaɗa a kan katakon, ya bi da yatsa yana murzawa kamar mai shafa wa jariri mai. Sannan ya goge saman da busasshen tsumma, ya fito bakin ƙofa inda rana ke faɗowa a karkace, ya ɗan kwantar da katakon. Siraran layuka suka fito, baƙi-baƙi, wasu a yanke. A kusurwa ga da'irar, ga ɗaya a tsaye a ciki.

Shi ya yi makaranta, kallo ɗaya ya yi ya karanta. Ya buɗe baki zai faɗa.

Gwaggo ta ce, "Kada ka faɗa."

"Ai na gani, ga shi nan..."

"Yaya, don girman Allah kada ka faɗa. Ni na goge shi, ni zan karanto shi."

Ya miƙa mata ya juya mana baya. Ni ma na kawar da kai, don ido ba ya jin magana. Ta ɗora katakon a cinya ta kafa yatsa. Harafin farko ta same shi nan da nan. Na biyu rabinsa soson ƙarfe ya ci, ta karkata katakon hagu, ta karkata dama, ta zana shi a iska ta gwada. Gumi na bin goshinta. Mota ta wuce, wani ya leƙo yana tambayar ko an gama masa ƙofarsa, mijina ya kore shi da hannu. Ban san minti nawa aka yi ba. Ta haɗa na uku da na huɗu, ta koma farko ta sake bi, ta kuma sake. Sannan ta faɗe shi a hankali, ta dubi bayan Yayanta. Ya gyaɗa kai bai juyo ba. Tsohon suna ne, irin wanda aka daina sa wa yara, ko kusa da shi ba mu je ba a jere-jerenmu.

Inna tana kwance fuskarta na kallon bango, tagar a buɗe, iska na kaɗa labule. Gwaggo ta cire takalmi, ta durƙusa a gaban gadon da katakon a ƙirji. Ta ce, "Inna, ni ce. Na zo miki da shi." Ta kai baki kusa da kunnenta ta faɗa.

Da farko ba abin da ya motsa, har na ce a raina mun makara. Sai na ga yatsun Inna sun damƙe zanin gado. Ta maimaita sunan ba sauti, sau ɗaya, sau biyu, kamar mai ɗanɗana abu. Ta ce a tashe ta. Muka tallafe ta ni da Gwaggo muka jingina ta da matashi, ba nauyi ko kaɗan. Ta dubi ƙofa, ta ja numfashi, ta ƙwala kiran sunan da wata murya da ban taɓa jin ta da ita ba, muryar mace mai ƙuruciya da ke kiran yaro ya bar wasa ya shigo. Ta ja ƙarshen sunan ya yi tsawo. Ta saurara. Ta sake kira.

Mijina yana tsaye a bakin ƙofa, furfura cike da gemu, garin fensir a hannu. Ya dube ni, ya dubi ƙanwarsa, ya ga uwarsa na jiran amsa. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Na'am, Inna."

Inna ta dube shi sosai, idonta tar, babu gigin komai a ciki. Ta ɗan yi murmushi.

"Ba da kai nake ba," in ji ta. "Da yayanka nake. Kai zo nan ka zauna."

Ya tako ya zauna a ƙasa kusa da Gwaggo, ya ce, "To, Inna."